LEƘEN ASIRI A INTANET: BURIN AZZALUMI SHI NE KA ZAMA ƊAN SANDAN KANKA

Wannan shi ne jawabin da wani malami daga cikin 'yan uwa ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani da ɗalibai suka shirya, inda aka nemi ya yi bayani a kan yadda sa ido da toshe bakin jama'a da gwamnatoci ke yi suke sauya halin mutane a intanet. Malamin ya ɗauki ƙasar Sin, musamman halin da Musulmin ƙabilar Uigur suka shiga, a matsayin abin nazari. A sha karatu lafiya.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon tsira (S) da alayensa da sahabbansa, Malam ya soma da jawo hankalin mahalarta ga wayoyin da ke aljihunansu. Ya ce a da in hukuma na son ta san abin da mutum ke ciki, sai ta ɗauki ɗan leƙen asiri ta biya shi albashi, ya yi ta bin sawun mutumin daga masallaci zuwa kasuwa, in dare ya yi shi ma ya gaji ya je ya kwanta. To yau ɗan leƙen asirin ba ya gajiya ba ya barci, kuma mai shi ne ya saye shi da kuɗinsa, shi ke sa masa caji, har ma ya kwana da shi a gefen matashinsa.

Ya ce sai dai abin da yake so 'yan uwa su fahimta shi ne, babu wata gwamnati a bayan ƙasa da ke da ma'aikatan da za su zauna su karanta duk abin da jama'arta ke rubutawa, kuma su masu mulkin sun san da haka. Don haka abin da suke nema shi ne kowa ya riƙa jin cewa mai yiwuwa ana kallonsa. Da zarar wannan ya zauna a zuciya, to aiki ya ƙare, domin mutum da hannunsa zai goge abin da ya rubuta, da kansa zai fice daga zauren da ake faɗin gaskiya, ba tare da an aiko masa da ko da kurtu ɗaya ba.

KATANGAR DA BA A GANI

Malam ya ce ya zaɓi ƙasar Sin ne saboda a can ne wannan sana'a ta fi ƙwarewa, kuma masana sun yi nazarinta sosai. Ƙasa ce mai masu amfani da intanet sama da biliyan 1, amma an kewaye su da wata katanga ta na'ura wadda ake kamanta ta da babbar ganuwar nan tasu ta tarihi. An toshe Facebook da Twitter da YouTube tun 2009, kamfanin Google ya janye injin bincikensa daga ƙasar a 2010, an toshe WhatsApp a 2017, sannan a 2019 aka rufe Wikipedia ta kowane harshe. A madadinsu akwai na gida irin su WeChat da Weibo, waɗanda doka ta ɗora wa alhakin duk abin da aka rubuta a cikinsu, saboda haka su kamfanonin da kansu ke ɗaukar dubban ma'aikata suna tace maganganun jama'a don gudun fushin hukuma.

Ya ƙara da cewa dokar tsaron intanet da ta fara aiki a watan Yunin 2017 ta wajabta wa kamfanoni su tabbatar da ainihin sunan mai amfani da su, wanda galibi ake yi ta lambar waya da ke haɗe da katin shaida. Kafin nan, a watan Satumban 2013, kotun ƙolin ƙasar ta fitar da wata fassarar doka da ta ce duk wanda ya wallafa maganar da aka ɗauka ƙage ce, har aka sake yaɗa ta sau 500 ko aka duba ta sau 5,000, ana iya ɗaure shi har shekara 3. Malam ya ce 'yan uwa su lura da makircin da ke cikin wannan: mai rubutu ba shi da iko a kan yawan waɗanda za su yaɗa maganarsa, don haka hanyar tsira guda ɗaya ita ce kada ya faɗi abin da zai ja hankalin mutane tun farko.

Ya kuma kawo binciken wata cibiya da ke Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, mai suna Citizen Lab, wadda ta nuna a 2016 cewa a WeChat mutum zai aika saƙo mai ɗauke da wasu kalmomi, shi a wayarsa ya ga kamar ya tafi, alhali bai isa ga kowa ba, kuma ba za a sanar da shi ba. Ya ce wannan ya fi toshewar fili illa, domin mutum bai san inda iyakar take ba. Wanda ya san inda rami yake zai kauce masa ya ci gaba da tafiya, amma wanda aka ce masa akwai ramuka a fili, ba a nuna masa wurarensu ba, to zaman gida zai yi.

ABIN DA SUKE TSORO

Daga nan Malam ya tambayi mahalarta ko mene ne suke zaton aka fi gogewa a intanet na ƙasar Sin. Da wasu suka amsa da cewa zagin shugabanni, sai ya ce bincike ya nuna wani abu dabam. A 2013 wasu masana uku na Jami'ar Harvard ta Amurka, Gary King da Jennifer Pan da Margaret Roberts, sun tattara miliyoyin rubuce-rubuce daga shafukan ƙasar kusan 1,400 kafin a goge su, sannan suka koma suka duba waɗanda aka cire. Sai suka tarar ana barin ƙorafi da yawa, har da mai zafi a kan jami'an gwamnati, amma duk rubutun da zai iya tara mutane wuri guda, ko ya sa su motsa tare, nan take ake share shi, ko da kuwa yabon gwamnati yake yi.

Ya ce wannan darasi ne babba ga duk mai gwagwarmaya. Azzalumi bai damu ƙwarai da gunagunin mutum ɗaya a ɗakinsa ba. Abin da ke hana shi barci shi ne ranar da mai gunagunin zai gane cewa maƙwabcinsa ma yana gunaguni, na gaba da shi ma haka. Tun zamanin Fir'auna dabarar ke nan, a rarraba mutane ƙungiya-ƙungiya, kowa ya ji shi kaɗai ne.

Malam ya ci gaba da cewa su waɗannan masanan sun sake fitar da wani binciken a 2017, inda suka ƙiyasta cewa gwamnatin na sa a ƙirƙiri rubuce-rubuce kimanin miliyan 448 a shekara da sunan talakawa ne suka yi. Kuma galibinsu ba sa jayayya da masu suka, sai dai su cika fili da kirari da yabo da labaran da za su kau da hankali, musamman a lokacin da wani abu ya taso. Wato dai maimakon a rufe bakin mai magana, sai a kawo makaɗa a sa su a gefensa.

Amma binciken da ya ce ya fi tayar masa da hankali shi ne wanda Yuyu Chen da David Yang suka wallafa a 2019. Sun bi ɗaliban jami'a sama da 1,800 a birnin Bejin har tsawon wata 18, suka ba wani kaso daga cikinsu manhajar tsallake katangar kyauta. Da yawa ba su ma kunna ta ba, waɗanda suka kunna kuma ƙalilan ne suka je neman labaran da aka hana su, sai bayan da aka kwaɗaita musu da lada. Malam ya ce ga inda abin yake kaiwa: an buɗe wa tsuntsu ƙofar keji, ya ƙi fita, domin a cikin kejin aka ƙyanƙyashe shi, bai san akwai abin da ya rasa ba.

MUSULMIN UIGUR

Malam ya ce duk wannan da ya ambata somin taɓi ne in aka kwatanta da abin da ya sami 'yan uwanmu Musulmi a Shinjiyang, yankin da ke arewa maso yammacin ƙasar, inda 'yan ƙabilar Uigur sama da miliyan 11 suke. Bayan rikicin da ya ɓarke a birnin Urumci a watan Yulin 2009, wanda hukuma ta ce ya ci rayuka kusan 200, an yanke intanet a ɗaukacin yankin har kimanin wata 10, sai a watan Mayun 2010 aka maido.

Ya ce a shekarun da suka biyo baya wayoyin zamani sun yaɗu, mutane suka rungumi WeChat hannu bibbiyu, suna tura wa juna karatun Alƙur'ani da wa'azi da darussan yadda ake sallah, suna gaisawa da 'yan uwansu da ke karatu ko fatauci a Turkiyya da Masar. Ba su san cewa duk wannan ana ajiye shi ba. Wani masanin tattalin arziki ɗan Uigur mai koyarwa a Bejin, Ilham Tohti, wanda ya buɗe shafi don tattauna matsalolin jama'arsa, an yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Satumban 2014, aka kuma ɗaure wasu ɗalibansa da ke taya shi aikin shafin. Da aka naɗa Chen Quanguo shugaban jam'iyya na yankin a 2016, sai abin ya kai maƙura. Daga 2017 aka fara tsare mutane a sansanoni, waɗanda masu bincike suka ƙiyasta sun kai miliyan 1 ko fiye. Gwamnatin Sin ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne da yaƙi da tsattsauran ra'ayi, ta kuma ce a ƙarshen 2019 duk waɗanda ke ciki sun kammala. Amma ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 31 ga Agustan 2022 tsarewar na iya zama laifi ga bil Adama.

Abin da ya shafi maudu'inmu, in ji shi, shi ne yadda waya ta zama shaidar da ake kama mutum da ita. A 2017 an tilasta wa mazauna Urumci su sa wata manhaja da ke binciken abin da ke cikin wayoyinsu, 'yan sanda kuma na tare mutane a shingaye suna dubawa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta warware manhajar da 'yan sandan ke aiki da ita a 2019, ta tarar daga cikin abubuwan da ke sa a zargi mutum akwai yawan shiga gida ta ƙofar baya, da rashin cuɗanya da maƙwabta, da shan wutar lantarki fiye da kima, da zaƙewa wajen tara wa masallaci gudummawa, da amfani da WhatsApp. Wasu takardun sirri da suka fallasa a wannan shekarar sun nuna an sa alama a kan mutane sama da miliyan 1.8 a yankin saboda kawai suna da manhajar tura fayil mai suna Zapya. A 2023 ƙungiyar ta sake nazarin fayilolin da 'yan sandan Urumci suka samu a wayoyin jama'a suka lissafa su a matsayin kayan ta'addanci, sai ta ga fiye da rabi kayan addini ne na yau da kullum, har da karatun surorin Alƙur'ani. A watan Oktoban 2021 kuwa kamfanin Apple ya cire wata shahararriyar manhajar Alƙur'ani, Quran Majeed, daga kasuwarsa ta ƙasar Sin bisa buƙatar hukuma.

Ya jawo hankalin mahalarta ga cewa akwai jerin ƙasashe 26 da hukumomin yankin suka ɗauki hulɗa da su a matsayin abin tuhuma, kamar yadda rahoton ƙungiyar na 2018 ya kawo, kuma Nijeriya na ciki tare da Saudiyya da Turkiyya da Masar da Malesiya. Ke nan a waɗannan shekaru, saƙon gaisuwar sallah daga wani ɗan kasuwa na nan zuwa ga abokin cinikinsa Ba'uigure na iya zame wa wancan bawan Allah fitina, alhali mai aikawa alheri ya nufa.

To yaya mutane suka yi? Malam ya ce sun goge karatun Alƙur'ani daga wayoyinsu, sun daina sallama a waya, wasu sun cika shafukansu da yabon jam'iyya. Mafi ciwo, 'yan Uigur da ke zaune a ƙasashen waje sun ba da labarin yadda suka wayi gari iyayensu da ƙannensu sun goge su daga WeChat ɗaya bayan ɗaya, wasu da ɗan gajeren saƙo cewa kada a sake kiransu. Uwa ce ta goge ɗanta da yatsanta, ɗan kuma ya haƙura da kira don kada ya jefa ta a sansani, shekaru suna wucewa bai san tana raye ko ta rasu ba. Ya ce zumuncin da Allah ya yi umarni a sada, ga shi an sa masu shi sun yanke da hannunsu. A nan muryar Malam ta raunana, wurin ya yi tsit.

Ya ƙara da cewa manema labarai da suka ziyarci yankin a 2021 sun tarar an cire da yawa daga shingaye da wayoyin ƙaya, amma mutane na kau da kai in baƙo ya yi musu magana. Ya ce ai ba a buƙatar shingen kuma, tunda ya riga ya koma cikin ƙirji, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

SHIRU MA MAGANA CE

Duk da haka, Malam ya ce kada a ɗauka an gama da mutane, domin Allah bai halicci ɗan Adam ya zama dutse ba. Mutanen Sin sun ƙirƙiro harshen zaurance na intanet. Da yake gwamnati na kiran toshe baki da sunan samar da jituwa, kuma kalmar jituwa a harshensu ta yi kama da sunan ƙaguwar kogi, sai ƙaguwa ta zama laƙabin masu tacewa. Da aka hana ambaton 4 ga Yuni, ranar da sojoji suka murƙushe masu zanga-zangar dandalin Tiyananmen a 1989, sai suka riƙa rubuta 35 ga Mayu, har ita ma aka gano aka toshe.

Ya kawo labarin likitan ido na birnin Wuhan, Li Wenliang, wanda a ranar 30 ga Disamban 2019 ya gargaɗi abokan karatunsa a wani zauren WeChat game da wata sabuwar cuta. Ranar 3 ga Janairun 2020 'yan sanda suka kira shi suka sa shi ya sa hannu a takardar gargaɗi cewa ya yaɗa jita-jita. Cutar ita ce korona, kuma ita ta yi ajalinsa ranar 7 ga Fabrairun 2020. A daren nan fushin jama'a ya fi ƙarfin masu gogewa, har daga baya hukuma ta janye takardar gargaɗin. Malam ya ce 'yan uwa su yi tunanin likitoci nawa ne suka ga abin da ya gani, suka ji an kira shi, suka kama bakinsu. Illar toshe baki ba ta tsaya a kan mai magana ba, duniya duka ta ɗanɗana.

Haka kuma a ranar 24 ga Nuwamban 2022 gobara ta tashi a wani bene a Urumci, hukuma ta ce mutum 10 sun rasu, jama'a kuma suka ɗora laifin a kan kullen korona. Sai mutane suka fito a Shanghai da Bejin da wasu birane suna ɗaga farar takarda wadda ba a rubuta komai a kanta ba. Babu kalmar da za a goge, amma kowa ya karanta. A watan Disamba aka sassauta kullen, ko da yake an bi sawun da yawa daga masu fitowar ta hanyar wayoyinsu an kama wasu.

BA CAN KAƊAI BA NE

Malam ya gargaɗi 'yan uwa kada su zaci wannan halin 'yan gurguzu ne kawai, su ma ma'abota girman kai masu da'awar 'yanci ba a bar su a baya ba. A watan Yunin 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke tattara bayanan wayoyi da saƙonnin jama'a. Wani masani, Jonathon Penney, ya nuna a 2016 cewa bayan fallasar masu buɗe shafukan Wikipedia da suka shafi batun ta'addanci sun ragu sosai, alhali karanta su ba laifi ba ne. A birnin New York kuwa, an bankaɗo a 2011 cewa 'yan sanda na da wani sashe da ke leƙen masallatai da gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi har da shafukansu na intanet. Wani babban jami'i ya amsa a 2012 cewa sashen bai taɓa samar da bayanin da ya kai ga binciken ta'addanci ko guda ba, aka rufe shi a 2014. Bai kama kowa ba, amma ya sa ɗalibai sun daina tattauna siyasa a masallacin makaranta, kowa na zargin na kusa da shi.

A nan gida ma, ya ce, an ɗanɗana. An dakatar da Twitter a Nijeriya daga 5 ga Yunin 2021 har 13 ga Janairun 2022, mutane suka yi ta sauke manhajar tsallake shinge da ake kira VPN, Ministan shari'a na lokacin ya yi barazanar gurfanar da masu yin haka, daga baya kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. A watan Satumban 2021 aka yanke layukan waya a jihar Zamfara da sunan yaƙi da 'yan bindiga. An kuma yi ta amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida da masu suka, har aka yi wa sashen gyara a 2024. Ya ce ba yana cewa halinmu ɗaya da na Shinjiyang ba ne, akwai rata mai nisa, sai dai in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

MENE NE MATSAYIN MUMINI?

Da ya zo kan mafita, Malam ya ce da farko a san hukuncin abin. Allah (T) ya haramta bin diddigin asirin mutane a cikin Suratul Hujurati, ya kuma jera shi tare da mummunan zato da giba, kuma bai keɓe mai mulki daga wannan hani ba. Binciken mai laifi bisa hujja abu ne da shari'a ta sani, amma a ɗauki al'umma kacokan a matsayin abin zargi saboda sallah da karatun Alƙur'ani, wannan zalunci ne ko wa ya yi shi. Ya ce wannan hanin ya hau kanmu mu ma: mai ɗaukar hoton hirar sirri ya watsa, da mai leƙa wayar ɗan uwansa, da mai kai rahoton zaure don neman shiga wajen manya, duk sana'a ɗaya suke yi da waɗanda muke kuka da su.

Na biyu, a rarrabe tsakanin taka-tsantsan da tsoro. Manzon Allah (S) ya tara sahabbansa a gidan Arƙam a ɓoye. A lokacin hijira ya ɓuya a kogon Saur kwana uku, Abdullahi ɗan Abubakar na kawo labarin Makka da dare, Amir ɗan Fuhaira na bi da tumaki yana shafe sawu. As'habul Kahfi ma da za su aiki ɗayansu gari sayen abinci sai da suka ja masa kunne ya yi a hankali. Duk waɗannan sun ɓoye hanya, amma ba su sauya saƙo ba. Mai taka-tsantsan yana zaɓen wuri da lokaci da lafazi, ba ya baza sunayen mutane da hotunansu da wuraren zamansu a inda bai kamata ba, ba ya sauke kowace manhaja ya ba ta izinin shiga komai nasa, kuma yana tuna cewa abin da aka rubuta yau ana iya tono shi bayan shekara goma, kamar yadda ya faru da 'yan Uigur. Matsoraci kuwa yana farawa da yin shiru, ya koma ya daina karantawa, daga ƙarshe ya daina tunanin abin gaba ɗaya, har ya fara jin haushin masu faɗa.

Na uku, kada mai zaune cikin sauƙi ya zargi wanda aka tilasta. Uwar da ta goge ɗanta daga waya ba ta yi ridda ba, ba ta kuma daina sonsa ba. Ammar ɗan Yasir (RA) ya faɗi abin da azaba ta tilasta masa, zuciyarsa na natse da imani, kuma Manzo (S) bai tsane shi ba. Nauyin magana yana kan wanda bakinsa ke buɗe. Ya ce abin kunya ne a ce yawancin gwamnatocin ƙasashen Musulmi sun yi gum a kan lamarin Uigur, wasu ma sun sa hannu a takardar goyon bayan Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, saboda bashi da ciniki.

Na huɗu, wanda zai yi magana ya tabbatar gaskiya yake faɗa. Duk labarin ƙarya ko hoton bogi da ɗan uwa ya tura, to ya miƙa wa azzalumai sandar da za su doke shi da ita, domin da sunan yaƙi da jita-jita ake kafa yawancin dokokin toshe baki.

A ƙarshe Malam ya ce mumini dama ya san ana kallonsa tun kafin a ƙera waya. Akwai mala'iku masu rubutu a dama da hagu, akwai kuma Wanda ya san abin da ƙiraza ke ɓoyewa. Bambancin shi ne, jin cewa Allah na ganinka yana sa ka bar ƙarya ka faɗi gaskiya, jin cewa azzalumi na ganinka kuwa yana sa ka bar gaskiya ka koyi fuska biyu. Ya ce kowa ya binciki kansa a daren nan: saƙon ƙarshe da ya rubuta ya goge, don tsoron wa ya goge shi? In don ya ga giba ce ko ƙarya ko cin mutuncin wani, to ya gode wa Allah. In kuwa gaskiya ce da ya kamata a faɗa, kuma babu wata cuta tabbatacciya da yake gudu sai dai zullumi, to ya san an fara naɗa masa ɗan sanda a zuciya, ya gaggauta korarsa.

Bayan amsa tambayoyi, an rufe zaman da addu'ar Allah ya kawo wa Musulmin Uigur da sauran raunana na duniya mafita, ya sada waɗanda aka raba da iyalansu, ya kuma tabbatar da dugaduganmu a kan gaskiya.